Rumfa, man shafawa ko riga: wanne ya fi kare kyanwa da kare daga ƙunar ranar Legas?

Kyanwar Innata fara ce fat, hancinta da kunnuwanta ruwan hoda. Tun tana 'yar mitsitsiya aka tsinto ta a bayan wani shago a Agege, ta girma a gidanmu, ta kuma zaɓar wa kanta wurin hutawa a saman tankin ruwa, inda take shanya jiki tun hantsi har la'asar. Babu wanda ya ga aibun haka a cikinmu. Mun taso muna ganin kyanwoyi na shan hantsi a kan katanga, wa zai kawo wa ransa cewa rana na ƙona dabba mai gashi?

Daga gefen kunne abin ya faro. Wurin ya yi ja, gashinsa ya zube, fatar ta riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Inna ta ce ƙazuwa ce, ta shafa man kaɗanya. Da ɓamɓaroki ya fito sai muka ɗiga shuɗin maganin nan na GV. Ya bushe, ya faɗi, ya sake dawowa. Mun fi wata biyar a haka, har bakin kunnen hagu ya nannaɗe, in ta sosa sai jini. Ranar da na kai ta asibitin dabbobi, likitar ba ta ko gama juya kunnen ba ta tambaye ni: "Alhaji, ina take kwanciya da tsakar rana?" Ƙunar rana ce da ta yi ta maimaituwa a wuri ɗaya har ta fara rikiɗewa zuwa ciwon dajin fata. An yanke gefen kunnen, ta warke, tana nan da ranta. Da na dawo da ita gida da bandeji, Inna ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Ɗan nan, ashe ina shafa mata mai da safe ina sakinta ta koma inda ke cin ta."

Tun daga nan na shiga neman abin da ya fi dacewa, domin hanyoyin da ake faɗa uku ne: a yi wa dabba inuwa a kuma tsare ta a lokacin da rana ta fi kaifi, ko a shafa mata man kariya daga rana, ko a sa mata riga. Dukkansu suna da masu yabonsu a intanet, amma yawancin masu yabon ba a Legas suke ba, kuma ba irin gidajenmu suke zaune ba.

Sai an fara sanin irin ranar da ake fama da ita. Abin da ke ƙona fata ba zafin da kake ji ba ne, wani haske ne da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV. Legas na da tazarar kusan digiri 6 da rabi kacal daga layin da ya raba duniya biyu, don haka rana ba ta taɓa yin nisa da tsakar ka ba, kuma sau biyu a shekara, farkon Afrilu da farkon Satumba, tana tsayawa daidai bisa kai da azahar. A ma'aunin ƙarfin wannan haske, duk abin da ya kai 11 ana lissafa shi a matakin ƙarshe na hatsari, kuma tsakar ranar Legas kan taɓa wannan mataki a watanni da dama. Abin da ya fi ruɗar mu 'yan Arewa shi ne hadari. A Kano ko Sakkwato rana na fitowa tsirara, kowa ya san ya gudu. A nan kuwa sama kan yi lumshi, iska mai laima na kaɗawa daga teku, ka ɗauka an samu sauƙi, alhali girgije marar kauri na iya barin har kashi 80 cikin 100 na hasken ya wuce. Sa'o'in da suka fi muni daga ƙarfe 10 na safe ne zuwa 4 na yamma. In ba agogo a kusa, dubi inuwarka: matuƙar ta fi ka gajarta, ranar mai ƙuna ce.

Ba kowace dabba ke cikin wannan hatsari ba, kuma sanin haka zai hana ka kashe kuɗi a banza. Launin fata ake dubawa, ba launin gashi ba. Dubi Bunaji, farar saniyar Fulani: gashinta fari, amma fatar da ke ƙarƙashi baƙa ce, hanci da bakin kunnuwa ma baƙaƙe, shi ya sa take wuni a fili ba ta damu ba. Farar kyanwa akasin haka take, ƙarƙashin gashinta fata ce marar sinadarin da ke ba fata duhu, kuma a bakin kunne da hanci da fatar ido gashin ma kusan babu. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1971 ya nuna fararen kyanwoyi sun fi sauran kamuwa da irin wannan dajin fata da kusan ninki 13. Kyanwa mai dabbare-dabbare ma, in kunnenta ko hancinta fari ne, lissafinta ɗaya da farar. A karnuka kuwa, masu ɗan guntun gashi da farar fata ne abin ji, irin su Dalmatian da farin Boxer da Bull Terrier da fararen Pit Bull, sai duk karen da doron hancinsa ya yi ruwan hoda. Su a ciki da cinyoyi abin ya fi kama su, saboda son kwanciya rigingine a kan siminti. Karen gida na gargajiya mai jan gashi da baƙin hanci da wuya ka ga rana ta ƙona shi.

Akwai kuma wanda mu da kanmu muke jefa shi cikin hatsarin. Masu karnuka masu yawan gashi, irin fararen nan da ake kira Eskimo da Lhasa, sukan kai su a yi musu ƙwal-kwabo da zarar zafin Fabrairu da Maris ya tsananta, da niyyar tausayi. Gashin nan shi ne laimar dabbar. A rage shi, a taje shi ya sha iska, amma kada a aske har fata ta bayyana.

To, mu ɗauki man shafawa, tunda shi ne abin da mutum ke fara tunawa. Amfaninsa na gaske ne a wuraren da babu yadda za a rufe su, wato doron hanci da bakin kunne da cikin kare. Ana so lambar ƙarfin kariyarsa da ake rubutawa a jikin kwalba, wato SPF, ta kai 30, a shafa kamar minti 20 kafin dabbar ta fita, a sake bayan 'yan sa'o'i ko in ta jiƙe. A takarda abin da sauƙi. A aikace matsalarsa ta farko harshe ne. Dabba na lashe duk abin da aka shafa mata, kuma man da aka yi domin mutane yakan ƙunshi abubuwan da ke cutar da ita in ta haɗiya. Wanda za ka ga an rubuta zinc oxide a jikin kwalbarsa yana sa kare amai, in ya sha da yawa ko ya daɗe yana lasa yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa. Sinadaran dangin asfirin, waɗanda sunansu a jikin kwalba kan ƙare da salate, su kuma kyanwa ce ba ta jure su, don hantarta ba ta iya sarrafa su da sauri. Ko a cikin waɗanda aka yi musamman domin dabbobi sai an karanta da kyau: Epi-Pet, wanda ya yi suna a Amurka, na karnuka da dawakai ne, masu yin sa da kansu sun ce kada a sa wa kyanwa. Ga kyanwa likitoci sun fi karkata ga mai sinadarin taitaniyam, shi ma a bakin kunne kawai, inda harshe ba ya kaiwa kai tsaye, ko da yake tana jiƙa hannu ta goge.

Matsala ta biyu tamu ce ta gida. Irin wannan mai shigo da shi ake yi, farashinsa na bin dala, ba kuma kowane shagon kayan dabbobi ke ajiye shi ba. Ta uku kuwa ba na jin wani mai rubutu daga Turai zai tuna da ita. Yawancinmu da ke ajiye kare don gadi muke ajiye shi, ba ma wasa da shi, da yawa kuma ba sa son yawunsa ya taɓa su ko tufafinsu saboda salla. Wa zai durƙusa sau biyu ko uku a wuni yana murza wa karen gadi mai a hanci? Maigidan yana kasuwar Mile 12 tun asuba, maigadi kuma ba zai yi ba, in ma ya yi yau gobe ba zai yi ba. Kariyar da ke buƙatar hannun mutum kowace rana, in ba a samu mai yi da zuciya ɗaya ba, sunanta babu. Wanda ya ga zai iya, ya sa safar hannu ta roba, ya shafa, ya ɗauke hankalin karen da abinci na 'yan mintuna har man ya shiga fata.

Kada kuma a ɗauki man kaɗanya ko man kwakwa a matsayin madadi. Suna laushin fata, amma abin da suke tarewa na hasken rana kaɗan ne ƙwarai, bai kusa isa ba. Kuskuren da muka yi ke nan a gidanmu.

Riga ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Akwai masu sauƙin yadi da aka saƙa don tare hasken UV, suna rufe baya da ciki, ba a lashe su, ba kuma sai an yi ta sakewa ba. Ga farin kare mai guntun gashi da za a fita da shi na ɗan lokaci, musamman bakin teku inda yashi ke mayar da kusan kashi 15 cikin 100 na hasken sama zuwa cikinsa, tana da amfani. Sai dai ba ta rufe hanci da kunne, waɗanda su ne suka fi ƙonewa, kyanwa kuma ba ta yarda da ita. Babban abin tsoro shi ne laimar da ke cikin iskar Legas. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, kuma iska mai ɗauke da ruwa na rage amfanin hakin. Ka ƙara masa riga ya wuni da ita a tsakar gida, ka tsare fata ka jawo bugun zafi, wanda ke kashewa a cikin sa'a guda. Rigar da ta jiƙe ta zauna a jiki ma tana jawo ƙuraje. Ni a ganina riga ta fita ce, ba ta zaman gida ba.

Saura inuwa da tsare lokaci, kuma nan ne na tsaya. Ita kaɗai ce ke maganin ƙuna da bugun zafi a lokaci guda, ba ta da guba, sau ɗaya ake kashe mata kuɗi, kuma tana aiki ko kana gida ko kana kasuwa. Amma inuwa suna ta tara. Rumfar kwano tana tare haske gaba ɗaya, sai dai in ta yi ƙasa-ƙasa takan zama tanda; na sha ganin kejin kare na ƙarfe da rufin kwano ɗaya a jingine da katanga kusa da janareto, karen na ciki harshe waje. In kwano za a yi, a ɗaga shi sama, a sa silin ko katako ko zana a ƙarƙashi, a bar gefe biyu a buɗe iska ta ratsa. Tamfol ya fi araha da saurin ɗaurawa, amma yana riƙe zafi, yana tara ruwan sama ya zama gidan sauro, rana kuma na cinye shi. Ragar inuwa irin wadda masu renon shuke-shuke ke amfani da ita, mai kaurin da ke tare kashi 80 ko 90 cikin 100, ita ta fi burge ni: iska na wucewa, ruwa ba ya taruwa, ana iya ɗaure ta daga katanga zuwa katanga ba tare da an nemi izinin gini daga mai gida ba, abin da duk ɗan haya a Legas ya san darajarsa. Bishiya mai duhun ganye kamar mangwaro ta fi su duka sanyi, ga wanda Allah ya ba fili.

Abu guda da ake mantawa: inuwa tafiya take yi. Wurin da ka ɗaure kare da safe kana ganin inuwar bene ta rufe shi, da azahar fili ne fetal. Ka ware rana ɗaya da kake gida, ka duba wurin da ƙarfe 10, da 12, da 2, da 4. Ka kuma ɗora bayan hannunka a kan siminti ko intalok ɗin. In ba ka iya jure daƙiƙa 7 ba, tafin ƙafar dabbar ma ƙonewa yake yi. A ajiye katako ko tabarma ta kwanta, da ruwan sha a cikin inuwar.

Kyanwa ba a ɗaure ta, kuma ba ta bin umarni, in ka yi mata rumfa za ta haye samanta ta kwanta. Abin da ya yi mana aiki shi ne sauya lokacin abincinta. Inna kan ba ta babban abinci wajen ƙarfe 10 a cikin ɗaki, ta ja ƙofa, kyanwar ta ci ta yi barcinta, don dama yawancin wuninta barci ne. Bayan la'asar a buɗe mata. Kwana huɗu ta yi tana kuka a bakin ƙofa, daga nan ta saba. A dai tabbata ɗakin na shan iska, akwai ruwa da kwanon yashi na bayan gida, kada a gudu daga rana a faɗa wa alhakin tsare dabba cikin ƙunci, wanda duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta a kansa. A lura da taga kuma: gilashi na tare mafi yawan hasken da ke ƙona fata nan take, amma wani ɓangaren na ratsawa, tagar da aka buɗe kuwa ragar sauro ba ta tare wani abin kirki. Labule ya wadatar.

In ƙunar ta riga ta faru, zaɓin tsakanin jinyar gida ne da asibiti, kuma iyakar a bayyane take. Fata ta yi ja, da ɗumi, dabbar na janyewa in an taɓa, amma babu ƙuraje masu ruwa, babu tsagewa: wannan a shigar da ita inuwa, a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi na randa ko famfo a ɗora minti 5 zuwa 10, sau biyu ko uku a wuni, kada ta koma rana. Ban da ƙanƙara kai tsaye. In kwana biyu zuwa uku suka wuce bai lafa ba, a tafi asibiti. In kuwa akwai bororo, ko fata ta saluɓe, ko ruwa ko mugunya na fita, ko dabbar ta daina cin abinci, ranar za a tafi. A Legas buɗaɗɗen ciwo ba ya jira, ƙuda na sauka, kafin ka ankara tsutsa ta shiga. Akwai asibitin dabbobi na gwamnatin jiha a Oko-Oba nan Agege, ga kuma masu zaman kansu a unguwanni da dama. Likita na da maganin rage raɗaɗi da ya dace da nauyin dabbar, da man ƙuna, da kwalar roba mai kama da mazurari da ke hana ta sosa ko lasa.

Abin da ke cikin durowar maganinmu shi ya fi ranar saurin kisa. Parasitamol guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya na iya halaka ta. Ibufurofen da dangoginsa na huda ciki su lalata ƙodar kare da kyanwa. Dettol da Izal na cutar da kyanwa ko ta fata ko ta lasa. Makilin da manja da baƙin man inji, waɗanda wasu ke shafa wa kowane ciwon fatar dabba, ba abin da suke ƙarawa sai datti da guba. Alobera da ake yaba wa a kan ƙunar mutum, in dabba ta lashi ruwan ganyenta tana sa ta amai da zawo. Shi kuma GV, babbar illarsa a wurinmu ita ce ya rufe mana ciwon da shuɗi, muka daina ganin yadda yake sauyawa.

Duk ɓamɓarokin da ke bakin kunne ko hanci ko fatar idon farar dabba wanda ya kai mako uku bai warke ba, ko yake warkewa yana dawowa, kada a ƙara gwada wani magani a kansa. Yana iya zama ƙazuwa, ko makero, ko cizon ƙuda da ke addabar kunnen karnuka da damina, kuma ido kaɗai ba ya rarrabe su da farkon daji. Likita kan kankari fatar ko ya yanki ɗan kaɗan a duba. A kunne, in an kama shi da wuri, yanke gefen kan wadatar. A hanci aikin ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Masu kiwon raguna ma da nasu kason, musamman gab da Babbar Salla lokacin da Balami da Uda da Yankasa ke cika Agege. In ka ga rago fuskarsa da kunnuwansa sun kumbura sun yi laɓo-laɓo, yana gudun rana yana cusa kai a lungu, farar fatarsa na tsagewa amma baƙar lafiya lau, idonsa kuma ya yi rawaya kamar mai shawara, to ba rana kaɗai ba ce. Galibi wani tsiro ya ci da ya taɓa hantarsa, irin Lantana, ƙaramin icen nan mai ƙananan furanni ja da rawaya da ke fitowa a gefen hanya da kangwaye a Kudu, ko wata ciyawa da ake kira Brachiaria. Hantar da ta lalace ba ta iya fitar da ragowar koren ganye daga jini, sai ya taru a fata, rana na taɓa shi ya ƙone ta daga ciki. Man shafawa ba ya komai a nan. A shigar da ragon rumfa mai duhu, a yanke masa ɗanyar ciyawar da ake yankowa a gefen titi, a koma harawa da dusa, a kira likita.

Ga wanda zai zaɓa yau: mai farar kyanwa ya tsare ta a ɗaki daga hantsi zuwa la'asar, ya riƙa duba bakin kunnenta duk mako, man shafawa sai wanda likita ya nuna masa da hannunsa. Mai karen gadi ya sa kuɗinsa a ragar inuwa ko rumfa mai tsayi, ya duba ta a lokuta huɗun nan da aka ambata, ya mayar da fita da karen zuwa bayan asuba ko gab da magariba. In hancin ruwan hoda ne kuma akwai mai shafawa, a ƙara da man karnuka. Riga a ajiye ta don ranar fita. Mu dai ragar da ta rage bayan an rufe tsakar gida mun ja ta har saman tankin ruwan, saboda ranakun da kyanwar kan sulale ta fice kafin Inna ta ja ƙofa.